Sankarau Ya Tafi da Jin Yayana

Yayana bakaniken babura ne. Shekara bakwai ya ba ni, kuma cikin 'ya'yan da Inna ta haifa mu biyu ne muka rayu. Yana aji uku a sakandare Baba ya rasu. Ba a zauna an yi shawara ba. Wata safiya kawai na ga ya sa tsohuwar rigar Baba ya fita, da yamma ya dawo hannuwansa duk baƙin mai. Ni aka bari a makaranta. Da guminsa na gama sakandare, na yi kwaleji, har na zama malamar kimiyya a wata makarantar 'yan mata a nan Daura. A gida Auta ake ce mini, a waje Malama.

Rumfarsa tana bakin hanyar da ta nufi Mai'adua, a gindin wata darbejiya. Abin da aka san shi da shi kunne ne. Ɗan acaba zai tsaya, kafin ya buɗe baki Yaya ya ɗaga masa hannu ya ce kar ya kashe. Sai ya karkatar da kai ya yi shiru, can ya ce ringi ne, ko kabureta ce ta sha datti, ko kuwa babu komai, man da ka saya ne aka gauraya. Masu kai kaya bakin iyaka, waɗanda ke labta wa babur buhu uku, sukan wuce gareji da yawa su zo wurinsa, don ba ya kwance inji yana lalube. Jikin rumfar akwai shagon wani Ibo mai sayar da kayan babur, wanda ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Oga kowa ke ce masa. Yaya ya faɗi abin da ya lalace, Oga ya miƙo sabo. Haka suka yi shekaru.

A shekarar da abin ya faru bazara ta yi tsanani. Ruwan randa da ɗumi ake shan sa, awaki ma sun daina yawo, sai su maƙale a jikin katanga suna haki. Wata Laraba bayan an tashi daga makaranta na biya gidanmu in gaida Inna, don ni a gidan mijina nake, can wajen Kusugu. Sai na tarar da Yaya kwance a tabarma a ɗakin Inna, ya rufe fuskarsa da tawul. Ban taɓa ganin sa a gida da azahar ba.

"Tun jiya yake fama da kai," in ji matarsa. "Ya ce kamar ana sara masa gatari. Ko labule na ɗaga sai ya yi faɗa."

Na taɓa goshinsa, zafi zau. Na ce, "Yaya, sannu."

"Auta ce? Yauwa. Wuyan nan ne ma ya fi damuna."

Matarsa ta miƙo masa ruwa a kofi. Ya tashi zaune da ƙyar. Mutum in zai sha ruwa sunkuyawa yake yi ya tarbi kofin. Shi bai sunkuya ba. Ya ɗaga kofin har bakinsa, wuyansa a miƙe kamar na mai ɗauke da tulu, ruwan ya zubo masa a ƙirji.

Na gani. Wannan nake so in rubuta a fili, domin na yi shekaru ina gaya wa mutane ban lura ba. Zangon karatun da ya wuce ni da hannuna na rubuta wa 'yan aji biyar alamomin sankarau a allo: zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, ƙin haske. Har maki na rage wa wadda ta manta ɗaya. Kalmar ta zo mini har kan harshe.

Inna ta dube ni ta ce, "Auta, ke da kika yi karatu, me kika gani?"

Washegari 'yan ajin ƙarshe suna da jarrabawar gwaje-gwaje, ni kaɗai ce malamar fannin, makullin ɗakin gwaji yana cikin jakata. Idan na ce sankarau, to asibiti ne, kuma ni zan tsaya a kai. Ban da haka tsoro nake ji, irin tsoron nan na cewa in ka ambaci abu ka kira shi. Na gaya wa kaina ba a ji ɓullar ciwon a gari ba, kuma an yi wa Yaya rigakafi lokacin da aka bi gida-gida. Duk wannan tunanin bai ɗauki lokacin haɗiyar yawu ba.

Na ce, "Zazzaɓin cizon sauro ne, Inna. Wuyan kuma sunkuyon aiki ne."

A tsakiyar bazara, lokacin da ko sauro ɗaya babu a gidan. Ba wanda ya musa mini.

Aka kira mai kemis na bakin layinmu, wanda unguwa ke kira likita ko da yake bai taɓa karanta aikin ba. Ya zo da 'yar jakarsa, ya yi masa allurar zazzaɓi. Sannan ya fito da wata ƙaramar kwalba mai farin gari, ya dama da ruwa, ya ce wannan mai kashe ƙwayoyin cuta ce, ko da akwai taifot a ciki. Kwalba ɗaya ya raba biyu, rabi yanzu rabi da safe. Ina tsaye ina kallo. Har godiya na yi masa.

Ranar Alhamis da hantsi na kira waya. Yaya da kansa ya ɗauka, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Da sauƙi, Auta. Yi aikinki." Ya fara wata magana, sai na katse shi na ce, "Yaya, sauri nake, yara na jirana." Na kashe. Wannan ita ce maganata ta ƙarshe da ya ji da kunnensa.

Juma'a da sassafe matarsa ta kira tana kuka. Ya yi ta amai, ya daina gane mutane. Kafin in isa Oga ya riga ni, don ya ga rumfa a rufe kwana biyu ya zo dubawa. Ya durƙusa ya sa tafin hannunsa a ƙeyar Yaya ya ɗaga. Kan bai lanƙwasa ba. Kafaɗu da baya suka taso gaba ɗaya kamar katako, Yaya ya yi wani irin nishi, gwiwoyinsa suka naɗe.

Oga ya juyo ya ce, "Malama, wannan sankarau ne. Da shi ƙanwata ta tafi. Me kuke jira?"

Ba da faɗa ya faɗa ba. Tambaya ce kawai. Mai sayar da filogi da taya ya gane a minti ɗaya, kuma ya furta. Shi ya ɗauki Yaya a kafaɗa ya shimfiɗa shi a bayan a-kori-kurarsa.

A asibiti wata likita muka samu, ba ta fi ni shekaru ba. Ta ce sai an ɗebi ruwa daga ƙashin bayansa. Inna ta ce sam, ta ji an ce wanda aka taɓa wa ruwan baya ba ya sake tafiya. Wannan karon na buɗe baki, na sa hannu a takarda. Likitar ta ce mini ruwan mai lafiya garau yake kamar na sama. Wanda ya ɗigo cikin 'yar kwalbar kamar ruwan da aka wanke gero yake.

Ta tambaye ni yaushe ya fara. Na ce Talata. Me aka ba shi? Na faɗa mata, har da kwalbar da aka raba biyu. Ta ɗan rufe ido. Ta sa aka yi masa wata allura tukuna, sannan aka ɗaura ƙarin ruwa aka zuba maganin a ciki.

Kwana biyar bai san inda yake ba. Ranar Lahadi ya yi jijjiga har ya ciji harshensa. Rana ta shida da safe ya buɗe ido, ya dubi Inna, ya dubi matarsa, ya dube ni, muka ga ya gane mu. Muka yi ta hamdala. Ya sha kunu cokali huɗu. Muna ta yi masa sannu, kowa na magana lokaci ɗaya, sai ya ce da ƙarfi, har mai gadon kusa ya waigo:

"Me ya sa kuke ta motsa baki ba ku magana?"

Dariya muka fara yi, wallahi. Mun ɗauka ragowar ruɗewar ciwo ce. Ana cikin haka wata nas ta saki farantin ƙarfe a ƙasa. Duk ɗakin aka zabura. Yaya ko ƙifta ido bai yi ba.

Shi ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kama sunansa ba. "Yayanki" take cewa, ko "wancan". Ban taɓa jin sunan a bakinta ba tun da na yi wayo. Ranar ta sunkuya ta kai bakinta saitin kunnensa ta kira shi da sunansa na yanka, sau uku, na ukun da iya ƙarfinta. Yana kallon silin. Ta miƙe ta gyara mayafinta ta fita waje.

Da rana na bi likitar ofishinta. Na ce mata ni malamar kimiyya ce, ta gaya mini gaskiya yadda zan gane. Ta ja kujera ta ce in zauna.

"Ƙwayar cutar nan a hanci da maƙogwaro take zama, a jikin mutane da yawa masu lafiya lau," in ji ta. "Wani lokaci, in zafi ya busar da hanci ko bayan mura, sai ta samu kafa ta shiga jini. Daga jini ta ratsa shingen da ke tsare ƙwaƙwalwa, ta faɗa ruwan da ya kewaye ta. A can babu tsaro sosai, sai ta yi ta hayayyafa."

Na ce an yi masa rigakafi. Ta ce ƙwayoyin iri-iri ne, wadda aka yi rigakafinta daban, wadda take zargi daban.

"Amma Malama, ba ita kaɗai ta yi ɓarnar ba. Ƙwaƙwalwa tana da nata ƙwayoyin garkuwa, ƙanana, da ke zaune a cikinta tun mutum yana ciki. Aikinsu share datti da sa ido. Da fatar jikin ƙwayar cuta suke gane ta. Da zarar sun taɓa ɓurɓushin fatar nan sai su canza, su fara fitar da sinadarai na neman agaji. Jijiyoyin jini su saki su fara yoyo. Fararen ƙwayoyin jini su kwararo inda a da ba sa shiga, su zuba gubarsu don su kashe cutar. Gubar kuma ba ta bambance baƙo da ɗan gida. Gurɓatar da kika gani a ruwan nan, su ne. Ƙafa in ta kumbura tana da wurin kumbura. Kai kuwa ƙashi ne ya kewaye shi."

"Kunnen fa?"

Ta zana mini a bayan wata takarda. Akwai wata siririyar hanya tsakanin ruwan da can cikin kunne, inda wasu ƙwayoyi masu laushi kamar gashi ke karɓar sauti. Kumburin ya bi hanyar ya isa gare su. In sun mutu ba sa sake tsirowa. Nan kusa da su kuma abin da ke riƙe wa mutum daidaiton tsayuwa yake, shi ya sa zai yi fama da jiri.

Na tambaye ta allurar mai kemis. Ta ce:

"Magani in ya kashe ƙwayar cutar, fashewa take yi. Ɓurɓushi ya ƙaru, ƙwayoyin garkuwar su ƙara hasala. Shi ya sa muke ba da allurar rage kumburi kafin maganin farko, ko tare da shi. Shi kuwa an yi masa na farko a gida kwana biyu kafin a kawo shi, babu ita. Kuma abin da aka ba shi bai isa ya gama da cutar ba, ya dai lafar da zazzaɓin kuka ga kamar sauƙi."

Na ce, "Da ranar Laraba aka kawo shi fa?"

"Ban sani ba. Ba zan yi miki ƙarya ba. Na ga wanda aka kawo da wuri ya kurumce, na ga wanda aka kawo a makare ya tsira da jinsa. Allurar ma ba kowa take yi wa aiki ba. Amma kwana biyu a wannan ciwon ba kaɗan ba ne."

Da ta ce mini laifina ne, da na san abin da zan ɗauka. Da ta ce ba laifina ba ne, da na yi barci. Ba ta ba ni ko ɗaya ba.

Ranar sallama ta ba ni wasiƙa, ta ce a kai shi Kano wurin likitocin kunne cikin 'yan makonni, kar a jinkirta. Ta ce bayan irin wannan kumburin cikin kunnen yakan daskare ya zama ƙashi, kuma in akwai aikin da za a iya yi a sa masa na'ura, to sai kafin hakan. Na ce to. Na sa wasiƙar a jaka.

A gida Yaya ko banɗaki sai an riƙe shi. Na yi maganar Kano sau ɗaya, Inna ta ce a bari ya ji ƙarfi, mutumin da ba ya iya tsayuwa ina shi ina mota. Gaskiyarta ce a makon farko. Daga nan masu magani suka fara zuwa. Aka ɗiga masa man zaitun da tafarnuwa. Aka yi masa turaren wasu saiwoyi da aka kawo daga ƙetaren iyaka, yana zaune an lulluɓe shi da bargo a cikin zafin nan. Kowane mai magani ya ce a ba shi kwana arba'in. Damina ta sauka, hankali ya koma gona.

Ba wanda ya hana ni magana. Ba wanda ya taɓa ce mini ke ce kika ce zazzaɓin sauro ne. Ni da kaina na naɗe bakina. Na ga wadda ta faɗa sau ɗaya ta ɓata ba ta da fuskar sake ba da umarni a gidan. Kuma, in zan faɗi gaskiya, ina tsoron wani likitan ya sake tambayata yaushe ciwon ya fara, a gaban matar Yaya. Wata takwas wasiƙar ta yi a jakata, ina zuwa makaranta da ita ina dawowa.

Sai bayan kaka muka je, ni da shi. Aka ɗauki hoton kansa. Likitan, wani dattijo mai furfura, ya nuna mini wani abu mai kama da dodon koɗi a kowane gefe. Ya ce nan ruwa ya kamata a gani. Duka biyun sun yi fari. Ya dubi kwanan watan da ke kan wasiƙar, ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Kun makara." Ya ƙara da cewa ko da mun zo da wuri aikin babba ne, ba kowa ke samun sa ba. Na san don ya sanyaya mini ya faɗa. Bai sanyaya ba.

A motar dawowa Daura, mun wuce Kazaure, Yaya ya ce da muryar nan tasa da ba ya iya aunawa, "Auta, me ya ce?" Duk motar aka waigo. Na rubuta a bayan wasiƙar: Ya ce a ci gaba da addu'a. Ya karanta, ya miƙo mini.

"Wato babu," in ji shi. Ya juya yana kallon gonaki.

Ya koma rumfa. Ya gwada ɗora tafin hannu a kan tanki yana jin rawar inji, wani abin yakan kama, da yawa kuma ya kuskure. Ya fara kwance abin da ba shi ne ya lalace ba. Ba ya iya hawa ya gwada bayan gyara, don ko tafiya ce sai ya riƙa karkacewa kamar mai maye. Masu babura suka yi masa haƙurin wata ɗaya ko biyu. Daga nan sunansa ya ɓace, sai ka ji ana cewa rumfar Kurma. Wasu su zo su yi ta ƙwala masa ihu a fuska, kamar ƙarfin murya ne ya rage. Wasu su tsaya a gabansa suna zancensa. Na taɓa zuwa na tarar da wani ɗan acaba, wanda Yaya ya sha yi wa gyara kyauta, yana masa murmushi yana zaginsa, sauran na dariya. Yaya ya ga ana dariya shi ma ya yi. Na tsaya a bakin titi na kasa ƙarasawa.

Oga ya jawo shi shagonsa ya riƙa jera kaya. Yaya bai daɗe ba ya bari da kansa, ya ce ba zai zauna ana ba shi aikin tausayi ba. Ya sayar da kayan aikinsa ya koma gonar Baba, yana noma gero da wake, yana kiwon raguna. Mutumin da a da ba ya faɗa ya zama mai saurin fushi. In ya ga biyu na magana sai ya tsare su da ido. A masallaci kafaɗar na kusa da shi yake kallo don ya san an yi ruku'u. Matarsa ta zauna, ta koyi yi masa magana da hannu da fuska, ta tsufa a shekara uku.

Mai kemis ya zo gaisuwa tun makon da aka sallamo mu. Ya zauna a zaure ya ce haka Allah ya ƙaddara, Inna ta yi masa godiya har da goro. Yanzu shagonsa ƙofa biyu ne. Na yi imani da ƙaddara, ban taɓa shakka ba. Amma na lura waɗanda hannunsu ke cikin abu su suka fi saurin ambatonta. Ni ma na ambata, sau da yawa.

Lokacin da Yaya ya kwanta matarsa tana goyon 'yar wata biyar. Yarinyar ta yi wayo ta fara magana a gabansa. Ranar da ta fara cewa Baba muna tsakar gida, aka yi ta tafi ana nuna masa ita. Ya bi fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya har ya gane abin da ya faru. Ya ɗauke ta ya ɗora yatsunsa a maƙogwaronta ya ce ta sake. Ta tsorata ta fashe da kuka.

Ni kuwa na shiga karatu. Duk abin da na samu a waya a kan ciwon nan na karanta, ina fassara wa kaina kalma-kalma. Na san sunayen sinadaran da ƙwayoyin garkuwar ke fitarwa, na san wanne ke fara fita, wanne ke buɗe jijiya. Bai amfana wa kowa komai ba. Abin da ya ƙara mini kawai shi ne yanzu ina iya faɗin abin da ke faruwa a cikin kan Yaya ranar Alhamis ɗin nan da hantsi, daidai lokacin da nake raba wa 'yan mata kwalabe ina cewa kar a fara sai na ce a fara. Duk shekara in na zo darasin sankarau nakan tsananta, ɗalibai su yi ta mamakin abin da ya same ni.

Bara Inna ta rasu. Bayan sadakar arba'in na sayi littafin rubutu na cika shafi biyu. Na rubuta masa komai: abin da na gani ranar Laraba, abin da na sani, dalilin da ya sa na yi shiru, da wasiƙar da na riƙe. Na same shi da la'asar a bayan gida wurin ragunansa, na miƙa masa. Ya zauna a kan turmi yana bi da yatsa, leɓunansa na motsi. Ya daɗe.

Da ya gama ya ce, "Na sani. Na ga fuskarki ranar."

Na kasa ɗaga kai.

Ya ce, "Ni ma na san ba na sauro ba ne. Na sha yin na sauro. Amma ke kika yi karatu."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Na jira. 'Yarsa, wadda yanzu ta shiga firamare, tana can gefe tana faɗa da wata akuya da ta sa kai a kwanon dusa. Ya daɗe yana kallon ta. Sai ya buɗe sabon shafi ya miƙo mini littafin da biro.

"Rubuta mini yadda muryarta take."

Na saurara. A lokacin na gane ban taɓa sauraron muryar yarinyar ba, ji kawai nake yi. Na rubuta cewa siririya ce, tana da sauri, tana cinye ƙarshen kalma, in ta yi fushi kuma takan ɗan shaƙe. Na soke, na sake rubutawa, bai fi na farko ba. Na ba shi.

Ya karanta sau biyu. Ya girgiza kai ya ce, "Ban gane komai ba."

Ya naɗe littafin ya sa a aljihu, ya ɗauki bokiti ya tafi ɗebo wa raguna ruwa, yana dafa katanga. Na zauna har aka kira magariba, sannan na yi wa matarsa sallama na fita neman acaba.